Ƙungiyoyin Ɗalibai da Taƙaddamar Wasannin Cikin Ɗaki a Makarantun Yankin Wurma

Garin Wurma yana cikin Ƙaramar Hukumar Kurfi, a tsakiyar Jihar Katsina, kuma kamar sauran garuruwan wannan yanki, al'amuransa na kasuwa da asibiti da karatu mai zurfi sun fi karkata ga Dutsin-Ma, garin da ke ɗauke da Jami'ar Tarayya da aka kafa a shekarar 2011 da kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wadda daga cikinta ne malamai da yawa na makarantun yankin suka fito. A makarantun sakandare na wannan yanki, na kwana da na jeka-ka-dawo, akwai wani ɓangare na rayuwar ɗalibi da ba a rubuta jarrabawa a kansa, ba a kuma sa shi a takardar sakamako, wato abin da ɗalibi yake yi a harabar makaranta bayan an tashi daga aji. A da wannan ɓangare a fili yake gudana, da ƙwallon ƙafa da guje-guje da langa da aikin gonar makaranta. A 'yan shekarun nan kuwa fili ya ƙuntata, wasa ya koma cikin ɗaki, sai tambayoyin da ba a saba yi ba suka taso tsakanin shugabannin makarantu da malamai da iyaye da su kansu ɗaliban: wane wasa ne ya dace a ƙarƙashin rufin makaranta, a wane lokaci, kuma wa ke da ikon cewa a yi ko a bari.

Haɗa karatu da wasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina, domin da shi ilimin boko mai zurfi ya fara a Arewa. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a shekarar 1921 kafin ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ta kuma zama Kwalejin Barewa daga baya, ta ɗauki wasanni a matsayin wani reshe na tarbiyya, ba hutu kawai ba. A can ne wasan fayif ya yi ƙarfi, wato ƙwallon da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango cikin wani ɗaki mai bango uku, wasan da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a kwalejin daga 1926 zuwa 1931, ya riƙe har bayan ya zama Firimiyan Arewa, kuma har yau ana buga shi a birnin Katsina. Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda kwalejin Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa, shi ma ɗan wannan makaranta ne, kuma ya riƙe Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Arewa a daidai shekarun da makarantun sakandare na kwana suka yaɗu, kowacce da filin wasanta da zauren taronta da ƙungiyoyin ɗalibanta.

Abin da ake nufi da ƙungiyar ɗalibai shi ne taron ɗaliban da sha'awa ɗaya ta haɗa, masu shugabanninsu daga cikinsu, a ƙarƙashin kulawar wani malami da ake kira uban ƙungiya, waɗanda makaranta ta ware wa wani lokaci a mako, a makarantu da yawa ranar Laraba. Wasu daga cikinsu rassa ne na ƙungiyoyin ƙasa baki ɗaya, kamar Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya, MSSN, da aka kafa a Legas a 1954, da takwararta ta ɗalibai Kirista, FCS, da ta fara a Gindiri a 1957, da 'yan Sikawut da 'yan agaji, da ƙungiyar JETS ta matasa masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere. Wasu kuma makaranta ce ke haifar da su, kamar ƙungiyar muhawara da kacici-kacici, da ta 'yan jarida masu karanta labarai a taron safe, da ta matasan manoma, da ƙungiyar Hausa, wadda bisa al'ada ita ce ke shirya wasan kwaikwayo, sau da yawa daga littattafan da ake karantawa a aji irin su Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Ba a cika jayayya a kan waɗannan ba, saboda kowa yana ganin alaƙarsu da karatu ko addini. Jayayyar tana farawa ne a inda ƙungiya ta ce wasa ne aikinta, ko kuma inda ɗalibai suka nemi a ba su ɗaki da lokaci su yi wasa kawai.

Yanayi shi ne dalili na farko da ke kora yara cikin ɗaki, kuma tsohon dalili ne. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana a wannan yanki yakan haura awo 40 a ma'aunin Selsiyos, ta yadda babu malamin wasanni mai hankali da zai fitar da yara fili kafin la'asar sakaliya. Da hunturu ƙura ke rufe gari. Da damina kuma filin ƙwallo yakan cika da ruwa da ciyawa, yaran ma gonar iyayensu na jiransu. Dalili na biyu sabo ne, kuma shi ya fi nauyi. A watan Agustan 2019 'yan bindiga suka afka wa garin Wurma da dare suka yi awon gaba da mutane da dama, sannan a daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, abin da ya sa gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe makarantun kwana na jihar, watanni kaɗan bayan doguwar rufewar da annobar korona ta jawo. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Kurfi da Dutsin-Ma, kuma a Oktoban 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a wajen makaranta. Tun daga wannan lokaci, shugaban makaranta a yankin ba ya son ganin ɗalibansa sun watsu a filin da ke bakin daji ko a inda katanga ba ta kai ba, ba ya son tsayar da su bayan lokacin tashi, ba ya kuma son ɗaukar su a mota zuwa gasa a wani gari. Yaro kuwa ba ya daina son wasa don an rufe ƙofa, sai dai ya nemi wanda zai yi a zaune.

Wasannin da ake magana a kansu ba su da yawa. Akwai lido da karta da wot, waɗanda ɗalibai ke shigowa da su a aljihu; akwai darar gargajiya da darar Turawa mai allo baƙi da fari; akwai ces, wanda littattafan fiƙihu ke kira shaɗaranji; akwai Scrabble, wasan haɗa kalmomi da ƙwayoyin haruffa; akwai ƙwallon tebur; sai kallon talabijin a zauren taro, musamman ƙwallon Turai, da kuma wasannin cikin waya, waɗanda dokar hana ɗalibai riƙe waya a makaranta ta riga ta yanke musu hukunci. Kuskuren da aka fi yi, daga masu hanawa da masu goyon baya duka, shi ne zuba waɗannan a kwando ɗaya, a kira su caca ko shashanci a wani ɓangaren, a kira su motsa ƙwaƙwalwa a ɗayan, alhali kowane da yanayinsa, kuma malaman addini da kansu ba su yi musu hukunci ɗaya ba.

Hujjar addini ita ce mafi ƙarfi a bakin iyaye, kuma ya kamata a fahimce ta yadda take. Alƙur'ani, a aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida, ya haramta caca ƙarara, ya kuma ambaci illolinta, wato gaba da ƙiyayya da shagaltar da mutum ga barin ambaton Allah da salla, kuma babu saɓani a kan cewa duk wasan da aka sa kuɗi ko wani abu a kansa, wanda ya ci ya kwashe, ya shiga wannan hukunci. Bayan wannan akwai hadisan da suka yi hani ga nardi, wani tsohon wasan Farisa da ake yi da jefa ƙwaya mai ɗige-ɗige, waɗanda suka zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim. Kuma tun da lido da irin wannan ƙwaya ake yin sa, malamai da yawa sun haɗa shi da nardi ko da ba a sa kuɗi ba. A kan shaɗaranji ne mazhabobi suka rabu. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, littafin da kusan duk wanda ya zauna a zauren malami a ƙasar Hausa ya ɗauki karatunsa, ta haɗa nardi da shaɗaranji a cikin abin da bai halatta a yi wasa da shi ba, wannan kuwa shi ne tsananin da aka san mazhabar Malikiyya da shi a wannan babi. A mazhabar Shafi'iyya kuma ana ɗaukar shaɗaranji makaruhi ne, wato abin da barinsa ya fi amma yin sa ba haramun ba ne, muddin babu caca, bai kuma sa mutum ya yi sakaci da salla ba. Saboda haka uban da ya ƙi ɗansa ya shiga ƙungiyar ces ba jahilci ya sa shi ba, yana tsaye ne a kan littafin da ya karanta, kuma malamin lissafin da ke son kafa ƙungiyar ba ya samun nasara idan ya fara da raina wannan hujja.

Sai dai hujjar ba ta kai inda ake yawan kai ta ba. Babu ƙwayar jefawa a ƙwallon tebur, babu ita a Scrabble, babu ita a muhawara ko kacici-kacici, kuma malaman da ke sassautawa sukan kafa hujja da tseren da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Nana A'isha, da kuma barin da ya yi wa Habashawa su yi wasan masu a cikin masallaci, don nuna cewa asalin wasa ba abin ƙi ba ne. Shugaban makarantar da ya hana komai da sunan addini ya zaɓi hanya mai sauƙi ne kawai, domin hanawa ba ta buƙatar malamin da zai zauna ya sa ido.

Tsoron caca kuwa tsoro ne na gaskiya, kuma duk wanda ya yi makarantar kwana ya san yadda abin ke farawa. Ba da kuɗi ake somawa ba, da yankan nama na ɗakin cin abinci ake somawa, ko da ƙullin sukari da garin kwaki, ko da sharaɗin cewa wanda aka cinye zai yi wa wanda ya ci wanki ko ɗibar ruwa, har a kai ga kuɗin kashewa da iyaye suka bayar. Abin da ya canza shi ne a wajen katangar makaranta caca ta zama sana'a mai shago da allo, inda ake yin fare a kan sakamakon ƙwallon Turai, ta kuma shiga cikin waya; a shekarar 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan irin wannan fare da dama, Jihar Katsina ma, wadda ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, ta kafa tata hukumar Hisba a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa. A nan ne hanin kai tsaye yake cin amanar manufarsa, musamman a makarantar jeka-ka-dawo, domin ɗalibin da bai sami teburin wasa a makaranta ba yana samunsa a bakin tasha da gidan kallon ƙwallo da rumfar sunuka, inda abokan wasansa manya ne, babu malami, kuma kuɗi ne ƙa'idar shiga. Hatta a makarantar kwana, kartar da aka hana a zauren taro ba ta ɓacewa, komawa take yi ɗakin kwana bayan an kashe fitila, inda babu idon kowa sai na siniyoyi.

Abin mamaki a cikin wannan taƙaddama shi ne wasan da ya fi dacewa da makarantar karkara shi ne aka fi mantawa da shi. Dara ba ta buƙatar sayen komai: gurabe 30 ne ake tonawa a ƙasa, layi biyar a layi shida, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, ɗaya karare ɗaya duwatsu ko tsinke, su yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da jera uku ba, sannan a fara turawa gida ɗaya gaba ko baya ko gefe, duk wanda ya jera uku a layi ya cire ɗan abokin karawarsa ɗaya, jeri huɗu kuma ba ya ci. Babu sa'a a cikinta ko kaɗan, lissafi ne da hangen abin da abokin wasa zai yi, kuma dattawa na yin ta a gindin bishiya a garuruwan ƙasar Katsina da Maraɗi. Amma da wuya a ga makarantar da ta sa ta a jerin wasanninta, saboda wasu malaman na ganin ta wasan masu zaman kashe wando, wasu kuma na ganin duk abin da ba a cikin kwali ya zo ba bai cancanci makarantar boko ba. Ba ta kuma tsira gaba ɗaya daga hukuncin masu ƙiyasta ta da shaɗaranji ba. Haka carafke, wasan 'yan mata na cafe duwatsu, ya tsaya a tsakar gida.

Bayan hukuncin wasa sai rigimar lokaci, wadda ta fi shafar malamai. A makarantar kwana, tsakanin tashi daga aji da kwanciya akwai azahar da abincin rana da hutun rana da la'asar da aikin tsafta da magariba da isha da firef, wato zaman bitar karatu na dole, kuma malaman da ke shirya 'yan ajin ƙarshe don jarrabawar WAEC da NECO sukan ɗauki duk wata sa'a da ta rage a matsayin tasu, su mayar da lokacin ƙungiyoyi darasin ƙari. A makarantar jeka-ka-dawo, irin wadda yawancin yaran garuruwa kamar Wurma ke zuwa, lokacin ma ba na makaranta ba ne, domin da yamma yaro na da Islamiyya, yana da gona ko kiwo ko shagon ubangidansa, yarinya na da aikin gida ko talla, wanda ya zo daga ƙauye kuma dole ya kama hanya da sauran rana. Ƙungiyar da aka sa wa lokaci bayan tashi ta mutu ke nan tun ba a kafa ta ba, sai dai a cusa ta cikin jadawalin darussa, abin da ke nufin wani malami ya sadaukar da lokacinsa, kuma ba kowa ke yarda ba.

Ɓangaren da ɗalibai suka fi kokawa da shi, manya kuma suka fi rainawa, shi ne na iko. A inda makaranta ke da teburin ƙwallo ɗaya da talabijin ɗaya, mabuɗin ɗakin yakan zauna a hannun shugaban ɗalibai mai kula da wasanni, kuma a aikace ɗakin ya zama mallakar 'yan ajin ƙarshe, ƙaramin ɗalibi ba ya shiga sai dai ya tsinto musu ƙwallo. Dokokin kuwa galibi a baki suke, ana sanar da su a taron safe, suna canzawa da canjin shugaban makaranta ko da fushin malamin da ke kan aiki a wannan mako, ta yadda abin da aka ƙyale jiya zai iya jawo bulala ko yankan ciyawa yau, kayan wasan da aka ƙwace kuma ba a san inda suke ƙarewa ba. Yawancin abin da ake kira taurin kan ɗalibai a wannan babi daga nan yake tasowa, domin yaro yana iya jure doka mai tsanani idan ya san ta kuma ya ga ta hau kowa, amma ba ya jure wadda ke kama shi ta bar siniyansa. Ƙungiya mai uba da rajistar mambobi da jerin wanda zai yi wasa bayan wane tana rage wannan, ba don tana sa yara su zama salihai ba, sai don tana fitar da mabuɗin daga hannun mutum ɗaya.

'Yan mata ne suka fi asara idan aka rufe ɗakin wasa. Namiji yana da filin unguwa da dandali, yarinyar da ta fara girma kuwa makaranta ce kusan wuri ɗaya da za ta zauna da tsararrakinta ba aike ba talla, kuma a makarantun da ke haɗa maza da mata, inda iyaye ba sa yarda da cuɗanya, maganin da aka fi yi shi ne a bar wa maza ɗakin, maimakon a raba ranaku. Shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 kuma Katsina ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, ya tanadi abin da ya kira amintaccen wuri, wato zaman 'yan mata zalla tare da malama mai ba da shawara, don koyon dabarun rayuwa, kuma wannan ya nuna cewa iyaye na amincewa da taron bayan aji idan sun san wace ce ke kula da shi da abin da ake yi a ciki.

Ta fuskar doka, Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ambaci hutu da wasa a sashe na 31 a matsayin haƙƙin yaro, Dokar Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 ma ta maimaita hakan, amma babu ɗaya daga cikinsu da ta ce lido ko karta, don haka yanke hukunci yana komawa ne ga ma'aikatar ilimi da shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai da kuma kwamitin gudanar da makaranta, wanda ya ƙunshi wakilan al'umma kamar mai gari da malaman addini da mata da tsofaffin ɗalibai da wakilan ɗaliban kansu. Wannan kwamiti ne wurin da ya dace liman da malamin wasanni su zauna a tabarma ɗaya su rarrabe wasa daga wasa, su rubuta abin da suka amince a kai, a liƙa a ƙofar ɗakin. Masu neman a buɗe ƙofar suna da misalan da za su kawo, domin a shekarar 2015 ɗan Najeriya Wellington Jighere ya lashe gasar Scrabble ta duniya a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi hakan, Aruna Quadri kuma ya kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a ƙwallon tebur a gasar Olamfik ta 2016 a Brazil. Amma waɗannan misalai ba su cika motsa uba manomi ba, wanda abin da yake so ya ji shi ne ba za a sa kuɗi ba, za a tashi idan an kira salla, akwai malami a ɗakin, kuma ɗansa zai iso gida kafin rana ta faɗi. Ko bayan an cika waɗannan sharuɗɗa, akwai sauran aiki a makarantar da ajinta ke ɗauke da yara fiye da kujerunsa, domin sai an sami ɗakin da babu darasi a cikinsa a wannan sa'a, da akwatin da za a kulle kayan, da malamin da zai yarda ya tsaya ba tare da an ƙara masa ko sisi a albashi ba.